Rundunar Montrose da Mac Colla a Sukotlan: yaƙi shida suka ci cikin shekara ɗaya, safiya ɗaya ta gama da su

Ƙarshen watan Agusta na 1644, a wani wuri da ake kira Blair Atholl cikin tsaunukan Sukotlan, saura ƙiris wasu ƙungiyoyin mayaƙa biyu su afka wa juna. Gefe ɗaya baƙi ne daga Ailan, su kusan 1,600 suka sauka gaɓar yamma tun farkon Yuli, da matansu da yaransu a biye, sun kusa wata biyu suna gararamba a ƙasar da ba wanda ya yi musu sannu da zuwa. Ɗaya gefen kuma 'yan gida ne, mutanen Atholl, zuri'ar Stewart da ta Robertson, da suka ga baƙi riƙe da makamai a ƙasarsu suka fito su kore su. Ana cikin kallon-kallo sai ga wani mutum ya iso a ƙafa sanye da tufafin mutanen tsauni, shi da ɗan'uwansa guda, da takardar sarki a jikinsa. James Graham kenan, wanda aka fi sani da sunan sarautarsa, Montrose. Duka ɓangarorin biyu suka yarda su bi shi, kuma daga ranar zuwa shekara ɗaya wannan runduna da aka harhaɗa ta ci manyan yaƙoƙi shida a jere, har ta kai ba sauran sojan da zai tare ta a duk Sukotlan, sannan cikin safiya ɗaya aka share ta kamar ba a taɓa yin ta ba. Abun ya daɗe yana cin raina, kuma iya nazarin da na yi, ni dai abun da na gani shi ne mutanen nan tuta ɗaya suke bi amma kowa da yaƙin da ya kawo shi.

Sai mun ɗan koma baya. Sarki Charles na Ɗaya shi ke sarautar Ingila da Sukotlan da Ailan duka ukun, yana zaune a Landan, a 1637 sai ya ce dole cocin Sukotlan ya koma amfani da wani sabon littafin addu'a mai kama da na Ingila. Mutanen kudu da gabashin Sukotlan inda birane suke 'yan Furotesta ne masu tsauri, bishof ma ba sa so ballantana a ce sarki ne zai tsara musu yadda za su yi ibada. Ranar da aka fara karanta littafin a cocin St Giles na Edinburgh, 23 ga Yuli 1637, da tarzoma aka tashi. A Fabrairun 1638 manya da talakawa suka fara sa hannu a wata takarda ta alƙawarin kare addininsu, daga nan suka samo sunan da zan riƙa kiran su da shi, 'Yan Alƙawari. Sun kara da sarki a 1639 da 1640, sun yi galaba, mulkin ƙasa ya dawo hannunsu.

Shi kansa Montrose ɗan Alƙawari ne na sahun farko fa. Haihuwar 1612 ne, yana cikin waɗanda suka fara sa hannu, kuma shi ya ja sojansu zuwa Aberdeen a 1639, a wannan tafiyar ce aka tafi da Huntly, shugaban zuri'ar Gordon, Edinburgh a matsayin fursuna bayan an ba shi tabbacin ba abun da zai same shi. A riƙe wannan, zai dawo can gaba. Abun da ya raba Montrose da tsofaffin abokansa shi ne Archibald Campbell, mai sarautar Argyll, shugaban zuri'ar Campbell, wanda a hankali ya zama shi ne wuƙa shi ne nama a gwamnatin 'Yan Alƙawari. Montrose na ganin an rage wa sarki iko ne kawai an miƙa wa Argyll, har kurkuku ya sha a gidan sarautar Edinburgh a 1641 kan wannan adawa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila, 'Yan Alƙawari suka ƙulla yarjejeniya da majalisar Ingila a 1643, a Janairun 1644 suka tura soja kusan 20,000 ƙarƙashin Alexander Leslie su taya ta yaƙar sarki. Sojan nan na cikin waɗanda suka karya na sarki a Marston Moor ranar 2 ga Yuli 1644, arewacin Ingila ya suɓuce. To shawarar Montrose mai sauƙi ce a baki: a kunna wuta a gida yadda dole sojan nan su baro Ingila, in an samu hali kuma a tara runduna a Sukotlan a kai wa sarki gudunmawa. Soja ko ɗaya ba a ba shi ba. Ya shigo ƙasarsa a watan Agusta su uku rak, shi ya yi shigar mai kula da doki yana bin sauran biyun a baya.

Shi kuma wanda ya ja baƙin nan daga Ailan, Alasdair Mac Colla, labarinsa daban. Ɗan zuri'ar MacDonald ne, Katolika, ƙato mai ƙarfi da ya goge a yaƙin Ailan tun 1641. MacDonald su ne da can ke mulkin tsibiran yamma kafin sarautar Sukotlan ta rushe musu wannan mulki a 1493, daga nan Campbell suka yi ta cin ƙasarsu yanki-yanki da goyon bayan gwamnati, Kintyre ta tafi a 1607, Islay ta bi bayanta 'yan shekaru kaɗan. Gidan su Mac Colla a tsibirin Colonsay ma an ƙwace a 1639, kuma mahaifinsa Coll Ciotach yana tsare a hannun Argyll. Ɗan'uwansu Randal MacDonnell, mai sarautar Antrim a Ailan, shi ya tara mutanen da taimakon gwamnatin Katolika ta Kilkenny. Ka ga kenan mutumin da ya taso da wannan a zuciya in ya ce yana yaƙi don sarki ba ƙarya yake ba, amma ƙasar kakanninsa da ubansa da ke ɗaure su ne a gabansa. Abu ɗaya ne ya haɗa shi da Montrose da gaske, ƙiyayyar Argyll.

Me ya sa suka yi ta cin yaƙi haka? Sai ka san bindigar zamanin. Irin ta toka ce mai lagwani, sai ka zuba albarushi ka tura harsashi ka danna da sanda, gwani ma sai ya ci kusan rabin minti ko fiye kafin ya sake harbi, kuma lokacin ba a fara ɗaura wuƙa a bakin bindiga ba. Ƙa'idar Turai ita ce a tsaya layi-layi ana musayar wuta, masu dogayen māsu na kare masu bindiga. Mutanen Mac Colla ba su da albarushin da za su yi wannan dogon wasa, don haka sai su matso dab, su yi harbi ɗaya gaba ɗaya, su watsar da bindigogin su zare takubba su ruga cikin hayaƙin da garkuwa a hannun hagu suna ihu. Wanda ke gabansu yana tsakiyar ɗura bindiga. In sabon soja ne da aka ɗauko daga gona ko shago jiya-jiya, guduwa zai yi, kuma akasarin kisan a gudun nan ake yin sa. Ga shi ƙwararrun sojan 'Yan Alƙawari suna can Ingila, waɗanda aka bari a gida galibi sabbin ɗauka ne. Wannan salon da kuma bataliyoyin Ailan guda uku, waɗanda ba su da gidan da za su koma saboda haka ba sa watsewa, su ne ƙashin bayan rundunar.

Gwajin farko a Tippermuir ne kusa da Perth, 1 ga Satumba 1644. Montrose kusan ba shi da doki, wasu mutanensa duwatsu suka tsinta suka yi jifa da su don ba makami, amma cikin ɗan lokaci sojan Lord Elcho suka tarwatse, Perth ta miƙa wuya. Kuma tun a nan ciwon ya nuna kansa, don da yawa daga mutanen tsauni suna samun ganima suka ɗaura kayansu suka nufi gida. Su ba albashi ake biyan su ba, ganimar ita ce albashin, kuma al'adarsu kenan tun kaka da kakanni, a fita a yi yaƙi a dawo da shanu.

Sai Aberdeen, 13 ga Satumba 1644, kuma a ganina a nan Montrose ya yi asarar da bai taɓa mayarwa ba duk da shi ya ci yaƙin. Ya aika manzo da yaro mai kiɗan ganga su nemi garin ya miƙa wuya, aka ƙi, suna kan hanyar komawa wani mahayi daga sojan 'Yan Alƙawari ya harbe yaron. Ran Montrose ya ɓaci ya ce ba sassauci. Bayan an karya sojan Lord Balfour na Burleigh a bakin gari sai aka saki mayaƙa cikin birni kwana uku suna kisa da wawaso da cin zarafin mata. Wani magatakarda ɗan garin, John Spalding, wanda shi kansa mai goyon bayan sarki ne, ya rubuta sunayen mutum 118 da aka kashe, ya kuma faɗi cewa in suka ga mutum da tufafi masu kyau sai su sa shi ya tuɓe tukuna kafin su kashe shi don kar jini ya ɓata kayan. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, mutum tsaye a ƙofar gidansa yana cire rigarsa da hannunsa ya san abun da zai biyo baya. Kuma abun takaicin Aberdeen gari ne da da yawan mutanensa ke tare da sarki, an tilasta musu ne suka fito yaƙin. Labari ya bazu duk kudu cewa Montrose ya kawo 'yan Katolikan Ailan suna yanka 'yan Furotesta, dama mutane na ɗauke da labaran kashe-kashen da aka yi a Ulster ta arewacin Ailan a 1641, limaman coci suka samu abun faɗa a kan mumbari kowace Lahadi. Mutanen da Montrose ke buƙata don ya kafa gwamnati ya kuma tara sojan da zai kai Ingila su ne mutanen biranen nan da masu gonakin kudu. Daga ranar ya rasa su.

Da hunturu ya shigo Montrose ya so ya gangara kudu, Mac Colla da shugabannin zuri'o'in yamma da ya jawo, irin su MacDonald na Clanranald da Glengarry da Keppoch, suka ce ina, ƙasar Campbell za a shiga. Su suka yi rinjaye, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wane ne ke da rundunar a zahiri. Kowa na ganin ba mai iya ratsa tsaunukan Argyll a Disamba, shi kansa Argyll haka ya ɗauka, sai ga su sun ɓullo Inveraray, hedikwatarsa, ya shiga jirgin ruwa ya tsere ta tafkin Fyne. Makonni suka yi suna cin karensu ba babbaka, suna ƙona gidaje suna kora shanu suna kashe duk namijin da ya isa riƙe makami, lissafin da ɓangaren MacDonald suka bayar da kansu mutum 895 ne. Talakawan da aka ƙona wa rumbuna a tsakiyar sanyi kuwa ba wanda ya ƙirga su.

Ƙarshen Janairun 1645 suna Kilcumin, bakin tafkin Ness, su kusan 1,500, sai labari ya zo: Seaforth, shugaban zuri'ar Mackenzie, na gabansu wajen Inverness da dubban mutane, Argyll kuma ya biyo bayansu da kusan 3,000 ya sauka Inverlochy. Gaba kura baya sayaki. Abun da Montrose ya yi a nan shi ne ya sa har yau ake kiran sunansa in ana zancen dabarun yaƙi. Maimakon ya bi kwarin da kowa ke bi, wanda tabbas akwai 'yan sintiri, sai ya juya ya haye tsaunuka cikin dusar ƙanƙara, mil kusan 30 cikin awa 36, ta Glen Tarff da Glen Roy, suka sauko gindin dutsen Ben Nevis, dab da Inverlochy, da dare ranar 1 ga Fabrairu. Ba su hura wuta ba don kar a gan su. Abincinsu garin hatsi ne ɗanye da aka dama da ruwan sanyi, manya da ƙanana kowa na lasa da bakin wuƙa don ko cokali babu, shi kansa Montrose abun da ya ci kenan. Mutanen Campbell sun ga motsi amma suka ɗauka 'yan hari ne ƙalilan. Da gari ya waye 2 ga Fabrairu sai suka ji ƙahon sarki suka ga tuta. Argyll, da ya ji ciwo a kafaɗa bayan faɗowa daga doki, ya koma cikin jirginsa ya bar wa Sir Duncan Campbell na Auchinbreck kwamanda, kuma daga kan ruwa ya kalli yadda aka kashe masa mutane kusan 1,500, har da Auchinbreck ɗin. Ɓangaren Montrose 'yan kaɗan suka mutu. Ga MacDonald wannan rana ita ce ramuwar shekara ɗari da hamsin, mawaƙinsu Iain Lom yana wurin ya kuma yi mata waƙa da harshen Gelik da har yanzu ake rerawa. Shi kuwa Montrose ya zauna ya rubuta wa sarki wasiƙa cike da murna yana ba shi shawarar kar ya yi sulhu da 'yan tawaye, yana ganin nan da bazara zai iso da runduna.

Bayan Inverlochy ne ɓangare na uku ya shigo, Gordon na arewa maso gabas, masu dawakan da rundunar ta rasa tun farko. Lord Gordon, babban ɗan Huntly, ya zo da kansa ya kuma zama aminin Montrose na gaske, amma uban bai manta da 1639 ba, kullum yana janye mutanensa. Su ma Gordon damuwarsu gonakinsu da ke buɗe ga abokan gaba in suka yi nisa.

Yaƙoƙin tsakiya zan bi su da sauri. Dundee a farkon Afrilu, sun shiga gari mayaƙa sun bugu da giya sai ga Janar William Baillie dab da su, da ƙyar Montrose ya tattara su suka sha. Auldearn 9 ga Mayu, Sir John Hurry ya yi tafiyar dare cikin ruwan sama don ya yi musu ba-zata, sojansa suka harba bindigoginsu don su fitar da albarushin da ya jiƙe, ƙarar ce ta farkar da 'yan sintirin Mac Colla, ya tare su a tsakanin shingayen ƙauyen har dawakan Gordon suka zagayo suka gama aikin. Alford 2 ga Yuli an karya Baillie, amma Lord Gordon ya mutu a filin, kuma da mutuwarsa igiyar da ta ɗaure Gordon da Montrose ta tsinke saura zare. Akwai wani abu da nake so a lura da shi a nan: a Fyvie cikin Oktoban 1644, a Dundee, a Auldearn, duk sau ukun abokan gaba sun iso kansa bai sani ba. Mutum ne mai kaifin basira in an fara yaƙi, amma leƙen asirinsa da sintirinsa sakaka ne, kuma sau uku yana tsira sai ya zama bai ɗauki abun da muhimmanci ba.

Kilsyth, 15 ga Agusta 1645, ita ce ƙololuwa. Rundunar ta kai kusan 5,000, mafi yawan da ta taɓa yi. Baillie soja ne da ya san aikinsa kuma ba ya son yaƙi ranar, amma an ɗora masa kwamiti na manyan gwamnati, cikinsu har da Argyll da Elcho da Burleigh, mutanen da duk Montrose ya riga ya kora a fili, su suka ba da oda a ratsa ta gaban abokan gaba a kama wani tudu. Ana cikin wannan ratsawar mutanen tsauni, da suka tuɓe manyan mayafansu suka rage daga su sai riga saboda zafi, suka hau su. Akasarin sojan ƙasan Baillie ba su koma gida ba. Argyll ya sake samun jirgi ya fice. Glasgow ta buɗe ƙofa, Edinburgh da annoba ke ci ta aiko da miƙa wuya ta saki fursunoni, Montrose ya kira zaman majalisa a Glasgow ranar 20 ga Oktoba. A ido dai Sukotlan ta koma hannun sarki.

To a nan ne komai ya kwance, cikin mako uku kacal. Montrose ya gane yanzu mulki zai yi, saboda haka ya hana wawaso a Glasgow, har ya rataye wasu da suka karya dokar, ya fitar da runduna zuwa Bothwell. Matakin daidai ne, amma ya zo a makare da shekara guda ga mutanen kudu, ga mutanen tsauni kuma tamkar an hana su haƙƙinsu ne bayan sun zubar da jini. Ga kaka ta zo, ga iyalansu can ba mai kare su daga ramuwar Campbell, kuma zancen da ake yi yanzu shi ne a tsallaka Ingila, ƙasar da ba su da komai a cikinta. Farkon Satumba aka karanta takardar sarki da ta naɗa Montrose mataimakinsa a duk Sukotlan, shi kuma ya karrama Mac Colla da muƙamin Sir a gaban runduna. Kwana kaɗan Mac Colla ya kwashi mutanen tsauni da wasu zaɓaɓɓun 'yan Ailan ya nufi yamma. Aboyne, ƙanen marigayi Lord Gordon, ya ji haushi an ba wani basarake mai sarautar Crawford shugabancin dawakai, ga kiran ubansa, shi ma ya kwashi Gordon ya yi arewa.

Masu son Montrose sun daɗe suna cewa Mac Colla ya ci amana. Ni ban yarda ba. Mutumin bai taɓa ɓoye abun da ya kawo shi ba, tun Disamba ya nuna, kuma Campbell na sake taruwa a Argyll a daidai lokacin. In ya bi Montrose Ingila ya bar Kintyre, me zai ce wa mutanen da suka bi shi don su koma ƙasarsu? Laifin da na gani na Montrose ne da ya yi lissafin runduna kamar tasa ce alhali aron ta aka ba shi, kuma ya san sharaɗin aron. Sannan ko da sun tafi tare, sarki ya riga ya sha kashi a Naseby ta Ingila tun 14 ga Yuni, rundunar da za a je a haɗu da ita babu ita.

Haka ya gangara kan iyaka da 'yan Ailan kusan 500 ƙarƙashin Manus O'Cahan da dawakai ƙalilan, yana dogara da alƙawarin manyan yankin. Home da Roxburgh suka bari abokan gaba suka kama su ba tare da wata turjiya ba, Traquair ya aiko ɗansa da mahaya sannan ya janye su ana gobe yaƙi. Waɗanda Douglas ya tara kuwa ba su taɓa ganin yaƙi ba. A wannan lokacin David Leslie, wani Leslie ɗin daban, ƙwararre da ya yi yaƙi a Jamus da Marston Moor, ya baro Ingila da mahaya sama da 4,000. Wato abun da Montrose ya nema tun farko ya samu, an janye soja daga Ingila, har kewayen da sojan 'Yan Alƙawari suka yi wa garin Hereford a can ya watse, amma iyakar ribar da sarki ya samu kenan. Abun da ya fi taɓa ni shi ne dubban dawakai sun ratsa ƙauyuka kwana da kwanaki, sun kwana 'yan mil kaɗan daga sansaninsa, ba a samu wanda ya kai masa sahihin labari ba. Mutanen yankin Leslie suka yi wa jagora. Sakamakon Aberdeen kenan, a ganina.

Safiyar 13 ga Satumba 1645, shekara ɗaya cif da ranar Aberdeen, hazo ya rufe kwarin Philiphaugh. Montrose ya kwana cikin garin Selkirk tare da hafsoshinsa, sojan ƙasa suna ƙetaren kogin Ettrick. Kafin ya hau doki ya iso Leslie ya riga ya faɗa musu. Sabbin mahayan kan iyaka suka watse tun kafin a taɓa su. 'Yan Ailan ɗin nan, da suka bi shi tun Blair Atholl ba su taɓa barin sa ba ko sau ɗaya, suka tsaya bayan shingaye suna mayar da hari bayan hari har aka zagaye su ta baya. Abokan Montrose suka matsa masa ya fice da mahaya kusan 30. Kimanin 100 da suka rage cikin mutanen O'Cahan suka ajiye makamai bayan an yi musu alƙawarin za a bar su da rai, sai limaman da ke tare da Leslie suka dage cewa barin su zunubi ne, aka fassara alƙawarin da cewa hafsoshi kaɗai ya shafa, aka kashe su. Sannan aka juya kan masu bin sansani, kusan 300, galibinsu mata da yara da masu dafa abinci. Matan nan ba su da inda za su, tun daga Ailan suke biye da mazajensu a ƙafa, sun haye tsaunukan da aka haye, an ma taɓa kashe wasunsu a dajin Methven cikin Yuli. Waɗanda suka tsere aka yi ta kamo su a hanya, wasu aka jefa su kogi daga kan gada kusa da Linlithgow. O'Cahan an kai shi Edinburgh an rataye. Sir William Rollo, ɗaya daga mutum biyun da suka shigo da Montrose cikin shigar burtu, an sare masa kai a Glasgow.

Majalisar 20 ga Oktoba ba ta zauna ba. Montrose ya yi ta yawo a tsaunuka yana neman sake tara mutane, Huntly ya ƙi ba shi haɗin kai, Mac Colla bai dawo ba. A Mayun 1646 sarki ya miƙa kansa ga sojan Sukotlan a Ingila ya kuma umarce shi ya sallami mutanensa, a Satumba ya shiga jirgi zuwa Nowe. Yaƙin yamma ya ci gaba da munin da ya fi na da, Campbell suka yi wa zuri'ar Lamont kisan gilla a Dunoon a 1646, a 1647 David Leslie ya kori Mac Colla daga Kintyre, mutum kusan 300 da ya bari a Dunaverty suka miƙa wuya saboda ƙishirwa aka kashe su, tsohon mahaifinsa Coll Ciotach aka rataye shi, shi kuma Mac Colla aka kashe shi a Knocknanuss ta Ailan ranar 13 ga Nuwamba 1647. Montrose ya sake dawowa a 1650 don ɗan sarkin, bayan an kashe uban an rushe sarauta a Ingila, wannan karon zuri'o'in ba su fito ba, aka karya shi a Carbisdale ranar 27 ga Afrilu aka rataye shi a Edinburgh ranar 21 ga Mayu. Argyll ma an sare masa kai a 1661 bayan sarauta ta dawo.

Manyan nan duk an san kaburburansu ko ranar mutuwarsu, Montrose da Argyll kowanne yana da abun tunawa a cikin St Giles, cocin da rigimar ta faro. Su kuwa mutanen O'Cahan da matansu, kusa da tsohuwar ganuwar Newark a bakin kogin Yarrow akwai wani fili da mutanen wurin ke kira da sunan da ke nufin filin waɗanda aka kashe. A farkon ƙarni na 19 da ake haƙa harsashin ginin makaranta a wurin, ƙasusuwa da ƙoƙunan kai masu yawa aka tono.